Allon da Na Wanke Ban Biya Ba

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a wanke allo sai an biya. Ka ɗauki allonka ka durƙusa gaban malam, ka karanta abin da ke jiki daga farko har ƙarshe, in ya gamsu ya ce je ka wanke. Na san wannan tun ban fi shekara biyar ba. Amma da girmana, da gemuna, da takardar shaidar da nake taƙama da ita, na karya wannan doka, kuma labarin ke nan.

Ina koyar da aikin lantarki a wata kwalejin fasaha a nan Sakkwato, a sashen da ni ma na yi karatu. Darasina shi ne 'yar ƙwaƙwalwa, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu a jere da ake samu cikin mitar wuta da injin wanki da fitilar ba da hannu. A takarda sunanta maikirokwantirola, amma ba mai wahalar da harshensa. Kai za ka rubuta mata umarni ka zuba mata, ita kuma ta yi ta bi, ba gajiya ba tambaya. Wanda ya koya mini wannan aiki wani dattijo ne da kowa ke ce wa Malam kawai, har shugaban sashe, domin shi ma ta hannunsa ya bi.

A barandar sashenmu akwai wani akwatin katako da aka kafe a bango, mai ɗan gilashi da ke nuna lokaci da jajayen lambobi. Malam ne ya haɗa shi tun kafin in zo ɗalibi. Shi ke kaɗa ƙararrawar shiga aji da ta fita da ta sallar azahar. Batirin mota ne a ƙarƙashinsa, don haka ko wuta ta ɗauke kwana uku bai san an yi ba. Ba wanda ya taɓa ganin takardar umarnin da ke cikinsa. In ka tambayi Malam sai ya nuna kansa da alƙalami.

Yadda ya koyar da mu kuwa, sai wanda ya sha. Za ka rubuta umarninka a takarda, sannan ka buɗe jadawali ka mayar da kowane layi lambobi da hannunka, sannan ka bi layi zuwa gaban na'ura guda ɗaya tal da sashen ke da ita, ka dinga buga lambobin nan ɗaya bayan ɗaya. Ka kuskure lamba guda, ka koma farko. 'Yan ƙwaƙwalwar zamaninsa suna da wata 'yar tagar gilashi a bayansu, kamar ƙwayar gero uku a haɗe. In ana so a goge abin da ke ciki, sai a sa su ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske na ɗan lokaci. Malam yakan ce an wanke allo. In kuma an zuba sabon umarni, sai a liƙe tagar da baƙin tef, domin hasken rana ma yana wankewa, a hankali dai.

Ina son mutumin nan, gara in faɗa tun yanzu. Da na dawo sashen a matsayin malami, kullum sha biyu da kwata muna tare a gindin dogon yaron da ke bayan ɗakin gwaji, da kwanon furar da ake kawo masa daga gida. Ba ya aikowa a kira ni. Zai zo wucewa ta ƙofar ofishina ya buga ƙyauren da gindin alƙalaminsa, biyu a gaggauce, ɗaya a jinkirce. Ko me nake yi sai in ajiye in bi bayansa. Mun yi shekaru a haka.

Abin da ya shiga tsakaninmu wani kwas ne da aka tura ni na wata uku. Can na ga yadda duniya ta tafi ta bar mu. Ƙananan allunan lantarki ne da ba su fi tafin hannu ba, ka jona da kwamfuta, ka rubuta umarni da kalmomin da mutum zai iya karantawa, ka danna, nan take fitila ta kama ƙiftawa. Ka yi kuskure, ka gyara ka sake dannawa. Ba fitilar wanki, ba jadawali. Kuma abin da ya fi burge ni, duk abin da aka rubuta ana ajiye kwafinsa, da wanda ya rubuta, da dalilin da ya sa ya canza, ta yadda ko ba ka nan wani zai ɗora daga inda ka tsaya. Na dawo da alluna goma a jakata, kaina yana hayaƙi.

Har gobe ina nan a kan bakana, ban janye ba. Yarinyar da za ta fita ta nemi aikin haɗa na'urar ban ruwa ko gyaran inbata ba za a tambaye ta jadawalin Malam ba. Ɗalibanmu suna kammalawa ba su taɓa kunna ko fitila guda da umarninsu ba, saboda layin na'ura ba ya kaiwa kansu. Malam kuma yana da tasa hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Ya ce wanda bai san abin da kowace lamba ke yi ba, aron kan wani yake yi. Ya ce yaran za su dinga kwaso umarnin mutane daga waya suna mannawa, ranar da abu ya ƙi aiki su tsaya suna kallonsa kamar baƙauye a gaban lif. Da mun tsaya a gindin dogon yaro, da mun sasanta a kan kwanon fura. Ni ne na kai maganar taron sashe.

A taron na nemi a sauya darasin gaba ɗaya, a fara da cire akwatin baranda, ɗalibai su haɗa sabo. Malam ya yi ta kawo uzuri a hankali, yadda ya saba, ni kuwa zuciyata tana hawa. Ina da saurin fushi, gadon gidanmu ne, kuma na san shi. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Malam," na ce, "abin ga da kaka koyarwa ya daɗe da mutuwa. Jana'iza ta kawai ba a yi mai ba."

Magana zarar bunu. Malam ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Ɗana, ban hana ka kawo sabo ba. Amma akwatin ga da kaka son cirewa, ka san abin da ac cikinai? Buɗe shi ka karanta, ka zaka ka biya min. In ka biya, sai ka wanke."

Aka yi 'yar dariya don a rage nauyin abin. Ni ban yi ba. A gaban mutane ya mayar da ni yaron makarantar allo, haka na ɗauka. Na ce a raina ko shekara zai yi yana jira ba zan durƙusa ba.

Daga ranar alƙalami bai ƙara taɓa ƙyaurena ba, ni ma ban ƙara bi ta gindin dogon yaro ba. Muna gaisawa, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. A ƙarshen makon nan ya kwance akwatin daga bango ya tafi da shi gida, ranar Litinin ya dawo da shi ya kafe. Sai kuma ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Kullum da safe in ya shigo, sai ya tsaya ya zura hannu ƙarƙashin akwatin na ɗan lokaci, sannan ya wuce. Na taɓa ce wa wani abokin aiki tsohon ya fara gaisawa da katako. Mun yi dariya, Allah ya yafe mini.

Haka muka cinye zango guda da hutunsa. Wata rana ya zo aiki lafiyarsa ƙalau, ya koyar, ya koma gidansa a unguwar Gidan Dahala, bayan la'asar aka kira shugaban sashe aka ce masa Malam ya rasu. Da ni aka ɗauki makara. Ina tafe ina jin kalmar nan da na faɗa a taro tana bin ƙafata. Ban gaya wa kowa ba, amma duk wanda ya halarci taron ya ƙi haɗa ido da ni a maƙabarta.

Ranar addu'ar bakwai muka je da safe muka dawo. Lokacin bazara ne, irin zafin da kwalta ke laushi, tsuntsaye su buɗe baki su yi shiru. Ina zaune a ofis ina duba takardu, ɗalibai suna aji, baranda ba kowa. Sai ƙararrawa ta kaɗa. Ba irin dogon kaɗawar da muka sani ba. Biyu a gaggauce, ɗaya a jinkirce.

Na ga kaina a tsaye, na riga na ajiye biro, ƙafata ɗaya a cikin takalmi. Jikina ne ya amsa kafin hankalina. Na dubi agogo, sha biyu da kwata.

Na fita baranda. A gilashin akwatin, maimakon lokaci, wasu lambobi huɗu ne a tsaye, jajawur, ba sa motsi. Sun yi kamar minti guda, sannan agogo ya dawo kamar ba a yi komai ba. Baba masinja, tsohon da ke share mana ofisoshi yana kai takardu, yana tsaye a ƙarshen barandar da tsintsiya a hannu. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce a'uzu billahi a hankali.

Washegari ta sake, a daidai lokacin. Jibi ma haka. Ranar Asabar mai gadi ya ce ya ji ta, makaranta ba kowa sai awakin da ke shigowa ta ɓarakar katanga. Kowa ya san abin da ake faɗa game da tsakar rana, lokacin da iyaye ke hana yara gindin tsamiya. Ɗalibai suka daina bi ta barandar daga sha biyu. Mai kawo mana ƙosai ta koma ajiye tirenta a bakin ƙofar waje. Malaman da ke koyar da lissafin wuta, masu digiri bibbiyu, sai ka ga sha biyu da minti goma kowa ya tuna yana da uzuri a wani ginin.

Ni kuwa kullum ina nan, ina jira. Na kuma lura lambobin nan huɗu ba sa canzawa. Ga gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin: na san ko mene ne. A cikin 'yar ƙwaƙwalwa kowane gurbi yana da lambarsa, kamar shafin littafi. Malam yakan rubuta irin wannan lamba a kusurwar allo ya ja layi a ƙarƙashi, ma'ana fara karatu daga nan. Na gane tun ranar farko. Amma in na yarda da haka, na yarda ke nan cewa mamaci yana kirana in zo in biya. Tsoro ne ya hana ni ko girman kai, har yau ban iya raba su ba.

Abin da na gaya wa shugaban sashe shi ne tsohuwar ƙwaƙwalwa ce ta fara rikicewa, kuma dama na faɗa. Baba masinja yana gefe yana goge tebur.

"Malam ƙarami," ya ce, "wagga ba lalacewa ta ba. Abin da yal lalace ba ya riƙe lokaci haka. Kira na."

"Baba, aikinka shara," na ce masa. Wannan ma tana cikin abin da nake istigfari a kai.

Aka yanke a buɗe akwatin. Na zo da sukundireba, malamai biyar ko shida suna tsaye nesa kaɗan, ɗalibai suna leƙe ta tagogi. Na kwance murfin. Cikin tsaf yake, wayoyi a ɗaure a jere, aikin Malam ba ya ɓuya. Amma a bayan 'yar ƙwaƙwalwar, inda ya kamata a ga baƙin tef, wata 'yar jar fata ce a liƙe, irin ta akuya da dukawa ke ɗinki da ita, an yanka ta murabba'i. A jikinta akwai rubutun ajami da tawada, ƙanana ƙanana.

"Laya ta!" in ji wani a bayana. Sai salati ya tashi, mutane suka ja da baya. Wani ya ce kar a taɓa, a nemo wanda zai yi addu'a tukuna. Wata ɗaliba ta fasa kuka.

Na san ba laya ba ce. Zafin garin nan yana narkar da gam ɗin tef ya zame, na sha ganin haka, fata kuwa in an liƙa ta da gam ɗin baduku ta zauna ke nan. Dabara ce ta mai hankali don kar haske ya shiga tagar. Da na yi musu wannan bayani da an wuce wurin. Amma raina ya ɓaci ganin a kwalejin fasaha, a sashen lantarki, ana salati a gaban abin da muke koyarwa. Kuma ƙasan wannan fushin akwai tsoron da nake son in kashe. Na sa sukundireba na ɓanɓaro 'yar ƙwaƙwalwar daga mazauninta, na sa farce na ɗaye fatar na yar a ƙasa ba tare da na dubi rubutun ba. Na ɗaga ta sama kowa ya ga 'yar tagar.

"Ga aljanin naku," na ce. "Rana ma ta ishe shi."

Na shiga ɗakin gwaji, na je tagar gabas wadda gilashinta ya daɗe da fashewa, na ajiye ta a dandamalin waje, tagarta tana kallon sama. Na san abin da nake yi sarai. Ni da na cika taro da wa'azin a dinga ajiye kwafi, ban ɗauki kwafin ko lamba ɗaya ba.

Washegari sha biyu da kwata ta yi, ba abin da ya kaɗa. Na zaci zan ji sanyi. Shirun ya fi ƙararrawar nauyi, na zauna ina kallon ƙyaure har aka kira azahar.

Cikin kwana biyu ni da 'yan aji uku muka haɗa sabuwar ƙararrawa da ɗaya daga allunan da na zo da su. Su suka rubuta umarnin, ni gyara kawai na yi. Da ta kaɗa karon farko suka yi ta tafi da ihu, wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta ce ita ta rubuta layin azahar, a bari ta nuna wa babanta. Abin da nake faɗa tun farko ke nan, ga shi a fili. Na yi murna, amma murnar ba ta sauka cikina ba.

Kwana tara bayan haka shugaban sashe ya ce in kai wa iyalin Malam kayan da suka rage a teburinsa: hula, carbi, tabarau na biyu, da kwanon furar nan. Na so in ƙi, ba hali. Bayan sallar Juma'a na hau mashin na tafi Gidan Dahala. Matarsa, wadda muke ce wa Inna, tana cikin takaba, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, tana magana ta bayan labule. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya. Aka miƙa mata kwanon.

"Tun randa kunka yi hwaɗa hurar ga ka komowa gida ba a sha ba," ta ce. "Nac ce mai, kai ab babba, kira shi mana. Yac ce yaron ga zuciya garai irin tawa, ba ya zakkuwa, ni ko bakina ya yi nauyi. Bari in aje mai saƙo inda ya iya karatu."

Sannan ta ci gaba.

"Kwana biyu yay yi da akwatin ga nan tsakar gida shina buga lambobi. Yas sa mai wani maɓalli daga ƙasa. Kullum sai ya tahi ya taɓa, ko hutu anka yi sai ya hau mashin, wai shina hwaɗa mai har yanzu shina nan. Yac ce randa akwatin yak kwana bakwai bai ji hannunai ba, shi za ya kira ka da kainai." Ta gyara zama, na ji motsin tabarmarta. "An ce min ya kira. Ka dai karanta ko, ɗana?"

Ban san abin da na ce mata ba. Na san dai na zura takalmina a karkace na fito, na bi ta unguwar Gawon Nama ina ratsa masu kaya ana zagina, ban tsaya ba sai ƙofar sashe. Makaranta ta watse. 'Yar ƙwaƙwalwar tana nan inda na bar ta, ta yi zafin da sai da na sa bakin riga na ɗauka. Inuwar ƙarfen tagar ta ratsa ta gefenta, wannan ne kaɗai abin da na sa rai da shi.

Da na juyo, Baba masinja yana tsaye a ƙofa. Ya zura hannu aljihu ya ciro wata takarda a naɗe, ya buɗe. Jar fatar ce. Ba a barin rubutu da baƙaƙen Larabci a ƙasa ana takawa, don haka ya tsince ta tun ranar, bayan kowa ya watse. Ya miƙo mini. Ajamina ya yi tsatsa, sai da na bi baƙi baƙi da yatsa. An rubuta: kar a wanke sai an biya.

Allunan da na zo da su ba su san yaren wannan tsohuwa ba. Na'ura ɗaya ce a duk makarantar za ta iya karanta ta, ita ce ta Malam, wadda ni da kaina na sa aka kai sito bayan rasuwarsa. Washegari Asabar na karɓi makulli na fito da ita, na kaɗe ta, na zauna ni kaɗai a ɗakin gwaji da jadawali da takarda da fensir. Na buga lambobin nan huɗu da ban taɓa mantawa ba. Daga nan na shiga danna maɓalli, lamba ta fito, in rubuta, in duba jadawali in mayar da ita harafi. Abin da na rantse ba zan yi ba, shi na yi, sai dai ba wanda zan biya wa.

A cikin na'ura kowane harafi ɗigo takwas ne a jere, kowane ɗigo ko dai sifili ko ɗaya. Rana ba ta goge harafi gaba ɗaya a tashi guda. Sifili take bi tana mayar da shi ɗaya, yau wannan, gobe wancan, har komai ya zama ɗaya. Saƙon Malam ya kai layi huɗu. Na ga tsawonsa, na ga inda ya fara da inda ya ƙare, amma kusan duka ya zama tarkace, harafi nan, alama can, sauran fari fat. A tsakiyar layi na biyu kalma ɗaya ta tsira cif: HURA. Fura ke nan, yadda yake faɗa haka ya rubuta. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam.

Ina cikin layi na ƙarshe kwanon rufi ya yi ƙara a kaina, irin wadda yake yi in rana ta gasa shi. Ƙas, ƙas, sai can ƙas. Na san kwano ne, kullum yana yi. Ban dubi agogo ba, kuma ba zan ce na san ƙarfe nawa ba ne. Na dai riƙe fensir sosai na ci gaba.

Haruffa bakwai na ƙarshe sun fito, har da tazarar da ke tsakani. Ga abin da ke takardata:

OA YAHE

Yahe dai yafe ce a bakin Basakkwace. Amma ba wata kalma oa. Rana ta taɓa harafin farko, ɗigo ɗaya tak. Na jera su a takarda na yi ta kallo:

O 01001111
N 01001110
K 01001011

In sifilin ƙarshe rana ta cinye, N ne, Malam ya ce na yahe. In na uku daga ƙarshe ne, K ne, ya ce ka yahe. Ko dai ya yafe mini abin da na faɗa a gaban mutane, ko kuma dattijon nan ya tafi kabari yana ganin shi ne mai laifi, yana roƙona. Na sake karanta gurbin ya fi sau ashirin, ko na'ura za ta ji tausayina. O take ba ni.

Na koma wurin Inna na gaya mata komai, ban rage ba. Sannan ta ce bai karanta mata ba, ita ma ba ta tambaya ba, tsakaninmu ne. Ta ce in amsa duka biyun, Allah ya san wadda ta dace. Haka nake yi bayan kowace salla, amma wadda nake so in ji ban ji ta ba.

Yanzu ni ke riƙe da darasin, kuma da sababbin alluna nake koyarwa, ban koma jadawali ba sai mako guda a farkon zango don su san abin da ke ƙarƙashi. Dokata ta farko, ba mai goge komai a ajina sai ya karanta ya ajiye kwafi ya bayyana wa na kusa da shi. Suna ganin tsanani ne. 'Yar ƙwaƙwalwar Malam tana cikin aljihun teburina, na mayar mata da fatarta.

A ƙarshen makon nan na farko nakan rubuta layukan nan uku a allo, in ba su labarin taga da rana, ban da sauran. Sai in tambaye su, wannan O ɗin daga wane harafi ya fito? Aji yakan rabu, 'yan N da 'yan K, kowa da hujjarsa, ni kuwa ina tsaye ina saurare kamar mai jiran hukunci. Kowace shekara ina fatan a samu mai kaifin kan da zai ga abin da ban gani ba. Kowace shekara kuma akan samu ɗaya, yawanci daga kujerun baya, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ba a iya sani. Sai dai a tambayi wanda yar rubuta."

Shi nake ba cikakken maki. Sannan in juya musu baya in ɗauki abin goge allo, in daɗe ban goge ba.